Yadda na kwashe da ciwon dunduniya

Ni sana'ata girki ce, daga gida nake karɓar oda, su samosa, mitfai, cincin, dubulan, in biki ne har funkaso da miyar taushe, kuma duk wadda ke wannan harkar ta san azumi ne lokacin kasuwa. Toh a azumin 2024 ciwon nan ya kama ni, lokacin bamu jima da tarewa a sabon gida ba, gida ne tayil tun daga falo har kicin, tsakar gidan ma an shafe shi da siminti, ni kuma tun tasowata bana iya aiki da takalmi a ƙafa, da na shigo nake watsar da shi bakin ƙofa. Tun hantsi ina tsaye gaban kasko har a kira magariba, a sha ruwa a wuce tarawi, goman ƙarshe ga tahajjud, ga odar kayan sallah ta taso gadan-gadan.

Yadda yake min shi ne in na farka sahur na sauko da ƙafar dama ƙasa sai naji wata irin suka a ƙasan dunduniya, ba ko'ina ba, wuri ɗaya ne ta gefen ciki wanda babban yatsan hannu ma zai rufe shi. Sai na dafa gado, na dafa bango, ina ɗingishi har banɗaki. Abin mamaki kafin na gama alwala na ɗora ruwan shayi ya saki, sai ɗan tsami-tsami da ba za'a rasa ba, in yi ta aikina lafiya lau. Amma bari in zauna naɗin samosa na awa guda in miƙe, shikenan ya dawo sabo fil. Da daddare kuma ba suka yake ba, zogi ne, ƙafar duka ta yi nauyi. Wannan sakin da yake yi da rana shi ke sa mutane basa ɗaukarsa a bakin komai, kowa gani yake ai gaki nan kina tafiya, har maigidan sai da ya taɓa ce min wai ke ciwon naki baya tashi sai an kira assalatu.

Masu magani kuwa ba'a magana. Hajiyarmu tace sanyi ne, wai tayil ɗin nan na zamani shi ke tura wa mutum sanyi cikin ƙashi, ta aiko min da man kaɗanya da wani jiƙo. Maƙwabciyata ta ja ni gefe tace Maman yara ki tashi tsaye fa, kasuwa ta buɗe miki ido yayi yawa, kar aje sawunki aka ɗauka. Wata tace a kira wanzami yayi min ƙaho a wajen a zuƙe mataccen jini, wata tace in gasa dutse a wuta in naɗe da tsumma in dinga takawa. Man zafi kam na shafa har yara na toshe hanci, gashi da ruwan zafi ma na yi, yana da daɗi a lokacin, asuba na yi kuma jiya i yau. A cikinsu duka Hajiya ce ta fi kusa da gaskiya, tayil ɗin na da hannu, sai dai ba sanyinsa bane, taurinsa ne.

Mai kemis ɗin layinmu diklofenak ya bani, kuma gaskiya yana kashe ciwon na wasu awoyi, sai dai ga azumi ga cikin da ba komai, ba'a jima ba ƙirjina ya fara zafi, tsohuwar olsata ta motsa, dole na ajiye. Da na koma sai yace akwai allura da ake yi a cikin dunduniyar kanta, sha yanzu magani yanzu, shi ma zai iya yi min. Da na gaya wa maigidan yace a'a, ba mai soka miki allura a ƙafa a shago. Sai muka je wani wajen ɗaukar hoton ƙashi na kuɗi, mai ɗaukar ya ɗaga hoton a haske ya nuna min wani ɗan tsini da ya fito a ƙasan ƙashin dunduniya yace Hajiya ga ƙayar nan, ita ke sukanki, wasu har sai an yi musu aiki an kankare. Ranar wallahi ban yi barcin kirki ba, ni da ko haihuwa ba'a taɓa yi min tiyata ba ace za'a tsaga min ƙafa, odar mutane fa, yara fa.

Sai bayan babbar sallah na samu na je asibitin gwamnati, aka yanki kati aka bi layi yadda aka saba. Likitan da na gani bai wani ja ba, ya gwada hawan jini, ya sa aka gwada suga, ya danna wajen na kusa tashi daga kujera, ya kalli hoton ya ajiye gefe, yace zai tura ni fisiyo. Ni a sanina ɗakin gashi na masu shanyewar ɓarin jiki ne da waɗanda aka kwance wa ɗori, nace likita ni da nake tafiya da ƙafata me zan je yi can, yace ki je dai, kuma ki tafi da takalman da kika fi sawa.

Wadda ta duba ni a can yarinya ce, da ƙyar in ta kai ƙanwata ta biyu, amma ta san aikinta. Bata fara da ƙafar ba ma, takalman ta fara juyawa, silifas ɗina na soso da ya cinye ta gefe ɗaya har ya zama falle, da wani filat na fita unguwa wanda ta naɗe shi da hannu ɗaya ya haɗe baki da baki. Sannan tace in yi tafiya ba takalmi tana kallona ta baya, in tsaya da ƙafa ɗaya, in yi ɗage. Ta matse ƙashin dunduniyar ta gefe da gefe ta tambaya ko da zafi nace babu, tace alhamdulillahi, da akwai da sai a yi tunanin tsagewar ƙashi. Ta ƙwanƙwasa bayan idon sawu ta ciki tace ko naji wani abu ya tsarga zuwa yatsu, nan ma babu, tace toh ba jijiyar ji bace ta matse. Sai ta tsayar da ni gaban bango tace in kai gwiwa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta ɗaga ba, ta hagu ta kai, ta dama kuwa ta ƙi sai da na matso da yatsuna dab da bangon, naman bayan ƙwaurin ya ɗaure tamau ban ma sani ba.

Daga nan ta zaunar da ni ta ɗauko wata ƙafar roba da suke koyarwa da ita. Tace Hajiya ƙafa ɗaya ƙashi 26 ne a cikinta da gaɓoɓi 33, in kin haɗa biyun 52 kenan, kusan kashi 1 cikin 4 na ƙasusuwa 206 da ke jikin babban mutum, duk a wannan ɗan wurin da muke tura wa silifas ɗin da ya fi araha. Kuma ƙasusuwan ba a shimfiɗe suke ba, a lanƙwashe suke kamar baka, dunduniya na ƙasa, tushen yatsu na ƙasa, tsakiya a ɗage, tsirkiyar bakan kuma wata faffaɗar jijiya ce mai kauri da ta taso daga ƙasan ƙashin dunduniya ta bazu zuwa yatsu biyar. In kin taka, nauyinki ya sauka, bakan ya ɗan baje, tsirkiyar ta miƙe ta shanye nauyin. In kin zo ɗaga dunduniya yatsu suka lanƙwashe, sai jijiyar ta naɗu a tushen yatsun ta ƙara ɗaurewa, ramin tafin ƙafar ya ƙara zurfi, ƙafar ta yi tauri yadda zata iya tura ki gaba. Duk taku ɗaya sai anyi wannan, laushi sannan tauri.

Ta kama babban yatsan ƙafata ta ɗaga shi sama tace in shafa tafin, wallahi sai ga abu ya miƙe a ƙarƙashin fata tun daga tushen yatsan har dunduniya, ina jinsa da hannuna, kuma daidai inda ya ƙare a jikin ƙashin nan ne wajen ciwon. Shekara arba'in da ɗoriya ina yawo da ƙafar nan ban taɓa sanin da shi ba. A nan na gane dalilin da yasa sujada ke min wuya lokacin da abin ya tsananta, ai yatsun a lanƙwashe suke, haka in na kafe ƙafar dama a zaman tahiya.

Tace abin da ya same ni aiki ne ya fi ƙarfin jijiyar. Tsayuwar awoyi a kan ƙasa mai tauri ba takalmi, kuma ba a hankali aka ƙara ba, dare ɗaya azumi ya ninka min aiki, ga jiki ya ƙaru bayan haihuwar auta, ga sharaɓa a ɗaure. Ita sharaɓar agara ce ke haɗa ta da bayan ƙashin dunduniya, jijiyar tafin kuma ta kama ƙasansa, toh in ta sama ta ƙi miƙewa idon sawu baya lanƙwasuwa yadda ya kamata, sai tafin ƙafar ya biya bashin. A hankali wajen da jijiyar ta kama ƙashi ya dinga samun ƙananan yagewa yana lalacewa, baya samun sararin warkewa. Tace shi yasa maganin kumburi ke rufe ciwon kawai, dan mafi yawan lokaci lalacewar ta fi kumburin yawa. Zancen asuba kuma, in mutum na barci ƙafarsa a sake take yatsu na kallon ƙasa, jijiyar ta kwana a takure, takun farko sai ya fizge ta lokaci guda.

Nace toh ƙayar fa. Ta yi dariya tace Hajiya mutane da yawa na da wannan tsinin a hoto basu taɓa jin ciwo ba, wasu kuma ga ciwon ba tsinin, ta yiwu ma in an ɗauki ta hagunki a ganshi. Ba ƙasa yake kallo ba balle ya soke ki, gaba yake kallo a kwance, kuma in kin warke yana nan inda yake ba mai taɓa shi. Tace wajen mutum 1 cikin 10 sai ya gamu da ciwon nan a rayuwarsa, yafi yawa tsakanin shekara 40 zuwa 60, kuma wajen 9 cikin 10 suna samun sauƙi cikin wata 10 zuwa shekara ba tare da wuƙa ba. Da naji wata 10 sai da gabana ya faɗi, ni da nazo da tunanin sati biyu. Allurar ma na tambaye ta, tace sitiroyid ce, tana da wajenta in ciwo ya hana mutum sakat kuma likita ne zai yi, tana bada sauƙi na wasu makonni, amma in aka yi ta maimaitawa tana iya raunana jijiyar har ta tsinke, tana kuma narkar da kitsen da Allah ya shimfiɗa a ƙasan dunduniya, shi kuwa in ya tafi baya dawowa.

Ranar ta ɗaure min tafin da filasta, wani irin ɗauri da ya zagayo dunduniya ya tallafo ramin ƙafar, ina miƙewa naji bambanci nan take, tace wannan alama ce takalmi mai tallafi zai miki amfani. Matsalar filastan alwala, na tambayi malamarmu ta islamiyya tace shafa ake yi a kai irin na ɗaurin ciwo, amma duk da haka ga wanka ga gumin kicin baya wani daɗewa yake saki, dan haka na farko-farko ne kawai na yi ta amfani da shi.

Ainihin aikin a gida yake, kuma ba wani abin burgewa a ciki. Na farko kafin ƙafata ta taɓa ƙasa da asuba, ina zaune bakin gado zan ɗora ƙafar a kan ɗaya gwiwar in kama yatsun in ja su baya wajen ƙwauri har sai naji jijiyar ta miƙe, in riƙe daƙiƙa 10, in saki, sau 10. Haka in na daɗe a zaune kafin in miƙe. Wannan shi ya fara rage min sukar safe. Na biyu miƙar sharaɓa a jikin bango, ƙafa mai ciwon a baya, dunduniya a ƙasa, yatsu na kallon gaba, in jingina daƙiƙa 30 gwiwa a miƙe, sannan in sake da gwiwar a ɗan lanƙwashe dan wai naman biyu ne, na sama da na ƙarƙashinsa, kowanne da yadda ake kama shi. Tace sau uku a rana, ni kuma na san kaina da mantuwa sai na ɗaura shi da sallah, ina sallamewa kafin in naɗe darduma zan je jikin bango, sai ya zama ma na fi abin da aka ce.

Sai gorar ruwa mai ƙanƙara da ake murzawa da tafin ƙafa minti 10 zuwa 15 da yamma in an gama aiki. Wannan kam wuta ce matsalarsa, firizata sai ta yi kwanaki bata daskarar da komai ba, ƙarshe gidan da ke sayar da ƙanƙara mai sola na kai gorori biyu ake ajiye min, autata ke karɓowa, har suka sa musu suna gorar ƙafar Umma. Ba ta warkarwa amma tana kwantar da zogin dare.

Wanda ya fi wuya kuma ni a ganina shi ya fi aiki, sai da ciwon ya ɗan lafa ta ƙara min shi. A bakin matakala ko dakali, a naɗe ƙaramin tawul a sa ƙarƙashin yatsu yadda zasu ɗago, dunduniya na lilo a waje, sai a yi ɗage a hankali ana ƙirga 3, a tsaya a sama 2, a sauko a hankali 3 har dunduniyar ta wuce bakin matakalar. Sau 12, a huta, a yi zagaye uku, kuma ba kullum ba, yau a yi gobe a huta. Tace a Denmak aka gwada shi aka ga yana saurin kawo sauƙi, dan jijiya ba hutu kawai take so ba, so take a dinga ɗora mata nauyi da lissafi har ta yi ƙwari. Da ƙafa biyu na fara ina riƙe da ƙarfen baranda, sharaɓata na rawa, daga baya na koma ƙafa ɗaya, daga baya tace a ƙara nauyi, na ɗauki tsohuwar jakar makarantar yarona na zuba mudun shinkafa na goya. Ku kwatanta mace da zani da jakar firamare a baya tana ɗage a bakin baranda da safe, almajirin gidanmu har leƙowa yake. Tace in ya ɗan yi ciwo lokacin yi ba komai, abin dubawa shi ne washegari da asuba, in ya fi na jiya toh an yi yawa a rage.

Takalmi kuma Ƙofar Wambai na nufa wajen 'yan gwanjo, dan sabon kambas mai kyau kuɗinsa ba na wasa bane. Mai fisiyon ta koya min gwaji, ki kama shi ki lanƙwasa, in ya karye a tsakiya ajiye, a wajen yatsu kawai ake so ya lanƙwasu, ki murɗa shi kar ya murɗu da sauƙi, ki matsa bayansa inda ke riƙe dunduniya ya zama da tauri, ƙasan dunduniyar ya ɗan fi gaba tudu, sannan a bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, kuma da yamma ake gwadawa lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Na gwanjo kuma a juya ƙasansa, in mai shi na farko ya cinye gefe ɗaya toh tafiyarsa zaki gada. Mai shagon yana kallona ina murɗe masa kaya ɗaya bayan ɗaya yace Hajiya saya zaki yi ko gyara, nace duka biyun. Na samu guda biyu, ɗaya na fita, ɗaya na wanke shi tas ya zama na cikin gida kaɗai, baya taka waje, a gefen gado yake kwana. Na ƙara da robar dunduniya mai laushi da ake samu a shagunan kayan asibiti, a duka ƙafa biyun ake sawa kar tsayi ya bambanta. Ta ce min in da hakan bai yi ba akwai shimfiɗar takalmi da ake aunawa a ƙera wa mutum, Asibitin Ƙashi na Dala na da sashen wannan, ni dai bata kai ni can ba.

Atamfa da kambas kam sai da na toshe kunne. Yarana mata suka ce Umma dan Allah kar ki zo mana makaranta a haka, a gidan suna wata tace ko gudun fanfalaki zan shiga. Daga baya na samu sandal mai maɗauri ta baya da ƙasa mai kauri na fita unguwa, ya ɗan rufa min asiri. Silifas ɗin soso sai banɗaki, dan in kin lura in kina tafiya da shi yatsunki a ƙanƙame suke suna riƙonsa kar ya fita, ƙafa bata sakewa ta yi aikinta.

Kicin ma sai da ya canja. Kafinta ya yi min doguwar kujera daidai tsayin teburin, duk abin da zai yiwu a zaune, murza fulawa, naɗi, yanka, a zaune nake yi, gaban murhu na shimfiɗa tabarmar roba mai kauri, na ajiye ɗan bulo ina ɗora ƙafa ɗaya ina canjawa. Suya mai tsawo na sakar wa yarinyar da ke taya ni. Zancen rage jiki kuma da mai fisiyon ta yi min cikin ladabi, toh ana kokawa, mai soya cincin ace ta rage ƙiba ai kun san akwai aiki, na dai rage lemon kwalba da ɗanɗane-ɗanɗanen bakin kasko.

Sauƙin baya zuwa a miƙe. Tace kullum in ba takun farko maki cikin 10, na fara da 8, cikin damina ya sauko 5 ya tsaya cak har na fara tunanin ko in koma wajen allurar nan, sai kuma ya gangaro 3. Aka yi bikin 'yar yayar maigidan, kwana da kwanaki muna tsaye kan tukwane a tsakar gida, ya koma 6, na je mata rai a ɓace tace dama yana haka, ki koma ƙafa biyu na ɗan lokaci ki ci gaba. Wajen shigowar hunturu ne wata rana ina cikin alwala na tuna ban dafa bango ba. Yanzu in na wuni a tsaye yana ɗan yi min magana da daddare, ina yin miƙar nan ya yi shiru, ɗagen ma ban daina ba duk da jakar shinkafar ta koma ma'ajiya.

Zaman benci a fisiyo ya nuna min ba duk ciwon ƙafa ne iri ɗaya ba. Masu irin nawa malaman makaranta ne, da nas, da wani mai bada hannu a titi, duk 'yan tsayuwa. Akwai yaro ɗan ƙwallo da bai wuce 11 ba shi ma dunduniya, nashi wajen girman ƙashi ne agara ke ja, yana wucewa in ya gama girma. Wani bawan Allah kuma babban yatsansa ne ya kumbura cikin dare yayi ja yana sheƙi ko zani baya so ya taɓa, aka ce gawut ne, gishirin yurik ya taru a gaɓar, naman layya da kayan ciki suka tayar masa, shi magani ne nasa ba miƙa ba. Ga masu yatsa da ya karkace saboda takalmi mai tsukakken baki, ga masu farce da ya shige nama. Cin ruwa na tsakanin yatsu ni kaina na yi shi da damina da na fara rufe ƙafa a kambas, maganinsa in anyi alwala a tsane tsakanin yatsun sosai kafin a sa safa, a shafa man kashe fangas. Faso kuma da hunturu ya zo, jiƙa ƙafa, dutsen goge kaushi a hankali, basilin ko man kaɗanyar Hajiya, a kwana da safa, a nan kam man nata yayi rana.

Wadda ta tayar min da hankali yayata ce. Da taga na samu sauƙi tace ai ita ma ciwonmu ɗaya, in kawo mata gorar in koya mata ɗagen. Nace Yaya naki yaya yake yi, tace ƙafa biyun ne, raɗaɗi suke kamar an zuba barkono musamman da daddare, yatsun kuma a sage, wani lokacin takalmi na fita bata ji ba. Nace wannan ba irin nawa bane, ni an gwada min suga tun ranar farko, ke yaushe rabonki, tace ita lafiyarta ƙalau. Da ƙyar ɗanta ya kai ta, sugan kuwa yayi sama sosai, kuma ya fara taɓa jijiyoyin ji na ƙafar, sun gwada ta da wani siririn zaren roba a tafin wasu wuraren bata ma san ana taɓawa ba. Ita dokokinta sun sha bamban da nawa, ba ƙanƙara, ba gashi da ruwan zafi dan zata iya ƙonewa bata sani ba, ba yawo ba takalmi ko a tsakar gida, a zazzage takalmi kafin a saka, kullum a duba tafin da tsakanin yatsu ko da ɗan ƙurji ko yanka, in an gani a tafi asibiti ranar ba sai ya yi ruwa ba, dan irin wannan ƙaramin gyambon ne ke kai mutane ga yanke ƙafa.

Maganin tana sha, tuwon dare ma ta rage, jikarta ke duba mata ƙafar da fitilar waya bayan isha'i. Inda muke daga da ita har yanzu mai yankan farcen nan ne da ke zagayowa unguwarsu da reza da almakashi, shekara da shekaru shi ke kankare mata kaushi, an ce ta daina tace ita kunyarsa take ji ta sallame shi haka kawai. Jiya na sayo mata abin yanke farce nata na kanta da dutsen goga, na ce wa ɗanta in mutumin ya zo a bashi kuɗinsa a bakin ƙofa ya yanke wa maza nasu ya wuce, ranar Juma'a zan je in ga ko an yi.